Tocilar UV mai 365 a wajen neman adamait

Masu tara duwatsu a Zariya kan tambaya ko tocilar duba jabun kuɗi ta kasuwar Sabon Gari za ta yi aikin daji. Ba za ta yi ba. Galibinta hasken UV (irin hasken da ido ba ya gani sosai) mai tsawon zango nanomita 395 take fitarwa, shunin haskenta yakan danne ƙyallin dutsen. Wadda ta ci kuɗinta ita ce mai nanomita 365, da baƙin gilashin tacewa na ZWB2 a baki, mai cin batir 18650 guda. Kafin ka biya, haska bangon ƙasa cikin duhu: ta kirki da ƙyar za ka ga haskenta. Kada ka gwada da farar takarda, kowace tocila tana sa ta ƙyalli.

A kan adamait, ma'adinin da ya haɗa zinki da asenik, tocilar mai 365 tana aiki sosai. Ƙwayoyin da ido ba ya rabewa da tsatsar dutse da rana, sai ka ga sun kama kore shar mai ratsin rawaya. Amma fa da sharaɗi. In tagulla ta shiga jikinsa, ƙyallin mutuwa yake yi. Sikorodait kuwa, wani ma'adinin asenik wanda asenofairait (ma'adinin ƙarfe, asenik da farar wuta) ke rikiɗewa ya zama idan iska da ruwa suka ci shi, ko gezau ba ya yi. Don haka shirun tocila ba shaida ba ne cewa babu asenik. Sai a haɗa da tabaron ƙara girma mai ninki 10 da wuƙa: taurin adamait 3.5 ne a ma'aunin taurin duwatsu mai kaiwa 10, wuƙa na karce shi. Asenofairait kuma in guduma ta dake shi warin tafarnuwa yake yi.

Kada a wahalar da kai a dutsen Kufena, giranit ne. Wurin dubawa shi ne jan saman jijiyar dalma, zinki ko zinariya, inda tsatsa ta ci.

Aibin tocilar: tana ɗaukar zafi in an bar ta kunne, kuma da rana ba ta da amfani sai an lulluɓa da baƙin mayafi. Zaren riga da aka wanke da omo yana ƙyallin shuɗi, ya ruɗi sabon shiga. Kunama ma tana ƙyalli, wannan kam riba ce ga mai ɗaga duwatsu da dare. A sa tabaron kariya, kada a haska ido.

In an samu adamait, a sare da kurfi tare da uwar dutsen, a naɗe kowane guntu daban a takarda, a rubuta wuri da kwanan wata. Ba a lasa, ba a ƙonawa, ba a daka shi a gida. Ƙurar dakan dutsen zinariya mai dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. A wanke hannu kafin cin abinci. Tabbatar da asenik aikin ɗakin gwaji ne, irin na cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello.