Ɗakin karɓar koke na aikin magudanar ruwa: yadda na same shi

Bara da aikin magudanar ruwa ya biyo ta unguwarmu a nan Maraɗi, ya ci kusurwar shagona da mangwaro biyu da marigayi Baba ya dasa. Takardar diyya ta fito da shago kaɗai, mangwaron sai ka ce ba su taɓa tsirowa ba. Kuɗin aikin bashi ne daga wani bankin raya ƙasashe, shi ya sa aka buɗe ɗakin karɓar koke. Sau huɗu na hau kabu-kabu zuwa can.

Yarinyar da ke tebur ta cancanci yabo. Ta ba ni kujera, ta ce, "Baba, faɗa mini a hankali." Da Faransanci ake rubutawa a littafin, amma ta maimaita mini da Hausa kafin in sa hannu, kuma ko dala ba a karɓa ba. Sannan ta yago mini 'yar takarda mai lamba da kwanan wata. Wannan takardar ita ce ƙarfina duka.

Akwatin katako na jefa koke da ke bakin ƙofa kuwa, ku rabu da shi. Makullinsa na hannun ma'aikacin kamfanin da ake ƙara, an ba kura ajiyar nama ke nan. Maƙwabcina ya jefa takardar kokensa tun damina, har yau shiru.

Sati biyu suka ce mini zan samu amsa, aka yi wata uku. Lambar wayar da suka manna a bango tana shiga, ba mai ɗauka. Ɗan ƙanena mai karatun shari'a ne ya nuna mini cewa dokar ƙasarmu ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce a biya diyya kafin a karɓi fili. Ya ce manyan bankunan ma suna da nasu wurin kai ƙara: Bankin Duniya ya kafa kwamitin bincikensa tun 1993, kuma mutum biyu da aiki ya cuta sun isa su rubuta masa. Ba wanda ya taɓa faɗa mana haka a tarukan ƙofar mai unguwa.

Zuwana na huɗu na ambaci wannan, da lambata a hannu. Ran Alhamis suka zo suka duba kututturan. Jika sittin suka ba ni, kuɗin da itacen nan biyu ke kawowa cikin shekara biyu. Na karɓa, amma na sa yarinyar ta rubuta a littafin cewa ban gamsu ba.