Haɗin ciwon suga da na saya wa Baba, da saƙon muryar da ya kai mu asibiti

Haɗin nan na masu ciwon suga da ake ta talla a WhatsApp, mai zuwa da leda uku da kwalbar zuma, shi na saya wa Babanmu. Duk mai shirin tura kuɗi ya tsaya ya ji abin da muka gani.

Tsakani da Allah kayan sun iso da wuri, an kuma ɗaure su da kyau. Garin zogale ne, da hulba haɗe da girfa, sai wani gari mai ɗaci kamar shuwaka. Shayin hulbar ya karɓi Baba. Mutumin da ba ya karyawa sai da shayi mai kauri da burodi, ya koma hulba da ƙosai, awon sugansa na safe ma ya sauko kusa da 7. Da a lokacin na rubuta wannan sharhi, yabo kawai za ku karanta.

Ashe mai maganin ya tura wa Baba saƙon murya kai tsaye, ba ta hannuna ba. Wai ya ajiye metformin, ƙwayar sugan da asibiti ta ba shi, wai maganin Bature ƙoda yake ci, shi kuwa haɗinsa daga saiwa yake tumɓuke ciwon. Baba dama ya gaji da haɗiyar ƙwaya safe da yamma, sai ya ajiye bai gaya wa kowa ba, ya kuma dage da shan zumar nan yadda aka ce masa.

Mama ce ta fara lura. Da dare buta ba ta hutawa, ga ƙishirwa, ya sha ruwa ya sha amma baki a bushe. Ran wata Juma'a ya dawo daga masallaci yana cewa dishi-dishi yake gani. Na ɗauko mitar awon suga na soki yatsarsa, ta nuna ya hau har 23. Hannuna na rawa na ce, "Baba, kuna shan maganin asibiti kuwa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwata, Malam ya ce in bari."

Nan take na kira mutumin. Ko a jikinsa, wai, "Hajiya, kwantar da hankalinki, ciwon ne yake fita ta fitsari." Wannan magana har yau tana ci min rai. Dattijo yana bushewa a gabanmu, kai kana cewa sauƙi ne ya samu?

Sai da aka kwantar da Baba a asibiti, aka yi ƙarin ruwa da allurar insulin. Likitan ya ce sugan da aka bari ya hau shi ne yake lalata ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa, zuma kuma duk albarkarta tana ɗaga suga. Abin da ya burge ni, bai hana hulba da zogale ba. Ya ce a sha daidai kima tare da maganin asibiti, a riƙa awo, a kuma sanar da shi. Har ya ce ai metformin ɗin ma daga wani tsiro na Turai aka samo asalinsa.

Da muka dawo gida na juya ledojin nan ciki da bai. Babu lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, babu ranar lalacewa, babu bayanin abin da aka zuba. Mai ɗacin nan Allah kaɗai ya san me ke ciki, na zubar da shi. Hulba da zogale da nake yabo kuwa, ga su jibge a kasuwa wurin masu kayan ƙamshi, kuɗin da na biya zai saya mana na shekara. Yanzu Baba yana kan maganinsa, da tuwon acca da kwaɗon zogale da ɗan tattaki bayan la'asar.

Na tura wa mai maganin takardar asibiti. Ko sannu bai ce ba, amsarsa wai Baba ne bai kiyaye ƙa'ida ba. Jiya ma na ga ya ɗora sabon talla yana cewa an yi bankwana da allura. Ban yafe masa wannan saƙon murya ba, kuma ko kyauta aka ba ku haɗin nan kada ku kai wa iyayenku.