Keke ko injin gudu: Malam, sayi keke

Malam, tsakanin keke da injin gudu na cikin ɗaki (mai bel da mutum ke gudu a kansa a wuri ɗaya) da ka ce ka rasa wanda za ka saya wa iyalinka, keke za ka saya. Ba labari na ji ba, dukkansu biyun sun shigo gidana. Ɗaya yana nan yana aiki har yau, ɗayan kuwa na sayar da shi da asara.

Na koma hawa keke ne bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lokacin da kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfin aljihuna. Phoenix na saya, baƙi, ƙirar Shanghai, mai taya inci 28 da birkin ƙarfe, irin wanda iyayenmu ke ɗaura wa buhun gero a kariya su dawo da shi daga kasuwa. Niyyata kawai in riƙa zuwa wurin aiki. Kafin wata uku na lura ina hawa bene ba haki, barcina ya gyaru, ciwon bayan da zaman ofis ya sa mini ya yi sauƙi sosai.

Amma abin da ya sa nake ƙaunar keken nan yara ne. 'Yata mai shekara takwas ta dame ni sai na saya mata nata, na samo ƙarami na hannu mai taya inci 20. Wani dattijo mai faci a bakin titinmu ya ce in cire feda tukuna, in sauke sirdi har ƙafafunta biyu su taka ƙasa, ta riƙa tura kanta tana ɗaga ƙafa har ta iya daidaita jikinta. Kwana huɗu muka yi haka a filin firamaren unguwa bayan La'asar. Ran na biyar na mayar da feda, na riƙe sirdi ina gudu a bayanta, tana ta cewa "Baba kada ka sake ni." Ni kuwa tuni na saki. Sai da ta kai bakin bishiyar darbejiya ta waiwayo ta ga ina tsaye can nesa. Ihun murnar da ta yi, wallahi har yanzu yana kunnena.

Yayanta mai shekara goma sha uku kuma gyara ne ya ɗauke masa hankali. Dattijon nan ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake ciro tiyub, a hura masa iska, a tsoma a robar ruwa a bi kumfa har a gano hudar, a goge wurin da samfefa, a shafa gam a bari ya sha iska kafin a manna faci. Yanzu shi ke yi wa yaran layinmu faci, shi ke sa wa sarƙa mai. Ni kaina da furfurata a wurinsa na koyi daidaita birki, muna kallon bidiyo a YouTube muna gwadawa. Ranar Asabar da safe za ka same mu mu uku a zaure, hannu duk baƙin mai, kowa na koya wa ɗan'uwansa abin da ya gano.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro daga shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 kowace rana. Da keke wannan lissafin yana cika ba tare da an ware masa lokaci ba: zuwa Islamiyya, aiken cefane, kai wa kaka abinci, zuwa masallacin Juma'a. Injin gudu kuwa sai ka tashi takanas ka hau, kuma mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda.

Ba zan ce ba shi da amfani ba: ga wanda fita ke masa wuya kuma yana da sola mai ƙarfi, zai yi. Nawa dai ƙaramin janareta bai iya ɗaukarsa, wuta kuma ba ta zuwa lokacin da nake da hali, ya cinye mana rabin falo, ƙarshe ya zama wurin rataye kaya. Ga kuma haɗarin ƙananan yara, domin bel ɗinsa yana kama yatsu ya saɓule fata. A 2021 kamfanin Peloton ya janye wani samfurin injinsa a Amurka bayan mutuwar wani yaro. In uwargida ce abin dubawa, tafiyar ƙafa ta rabin awa da maƙwabciyarta bayan Asuba, ko igiyar tsalle a tsakar gida, ta wadatar kuma kyauta ce.

Ba ka tambaya ba, amma sai na ja maka kunne kan masu sayarwa, don an cuce ni sau ɗaya. Keken hannu da ka gani yana ƙyalli da sabon fenti, tsaya ka duba mahaɗar ƙarfen, ƙarƙashin sirdi da wajen feda da wuyan keken. Nan ake ɓoye tsagewa da walda. Sitikar Phoenix ko Raleigh kowa yana iya manna ta, don haka kada suna ya ruɗe ka. Ɗaga keken ka juya ƙafar gaba da ta baya kana kallon tsakaninta da birki. In tana rawa, rim ɗin ya lanƙwashe. Girgiza feda ka ji ko boris ya cinye. Ka hau da kanka ka zagaya, ka taka birki da ƙarfi. Ka karɓi rasit, domin kekunan sata suna yawo a kasuwa, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke shan tambaya. Masu talla a Facebook da ke cewa ka tura kuɗi kafin ka ga kaya, rabu da su. In kuma ka nace sai injin gudu, kada ka yarda a kunna maka shi wayam, hau kansa ka yi minti goma, don raunin injin ba ya fitowa sai da nauyi. Ka duba bayansa kuma, waɗanda ake kawowa daga Amurka na wutar volt 120 ne, tamu kuwa 230, kana jona shi kai tsaye ya ƙone.

Kuɗin injin gudu ɗaya zai saya maka keke biyu na hannu masu kyau, ƙila har da ragowa. Ka sayi babba ɗaya mai taya inci 26 wanda kai da babban yaronka za ku riƙa karɓa-karɓa, da ƙarami ɗaya na ƙannen. Kada ka saya wa yaro wanda ya fi ƙarfinsa da sunan zai girma ya same shi, faɗuwa yake jawowa. Ragowar kuɗin ka sa a hular kwano, famfo, da kwaɗo mai sarƙa. Yara su tsaya cikin unguwa da filin makaranta, ban da babban titi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a hau da sassafe ko bayan La'asar, da gorar ruwa a kariya. Ranar da za ka je saye ka tafi da yaran, a gwada musu tsayin sirdi a wurin kafin ka biya.