Velis Electro: jirgin batir a ma'aunin Maradi

Velis Electro na kamfanin Pipistrel da ke Slobeniya shi ne jirgin sama mai aiki da batir na farko da hukumar EASA, mai kula da amincin sufurin sama a Tarayyar Turai, ta ba lasisi, a watan Yunin 2020. Kujera biyu gare shi, ta malami da ta ɗalibi, don na koyon tuƙi ne. Injinsa kilowat 57.6, kuma duka nauyinsa da mutanen ciki ba ya wuce kilo 600.

Batir biyu ne, ɗaya a hancin jirgin, ɗaya bayan kujeru, ana sanyaya su da ruwa. In ɗaya ya samu matsala, ɗayan na iya kai jirgin ƙasa lafiya. Wannan tsari ya yi. Ba hayaƙi, ba juyen mai, ƙararsa kuwa wajen desibel 60, mutanen unguwa ba za su ma ɗaga kai ba.

Sai dai minti 50 yake yi a sama, ban da ɗan abin da ake ragewa don ko-ta-kwana. In ya tashi daga filin jirgin Maradi, ko Damagaram ba zai kai ba, balle Yamai. Dalilin nauyi ne: kilo ɗaya na kananzir na ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na batirin lithium fiye da sau 40. Jirgin mai yana ƙona tankinsa yana ƙara sauƙi, shi kuwa batir, cike ko fanko, nauyinsa ɗaya. Shi ya sa manyan jirage masu dogon zango, waɗanda su ne ke fitar da mafi yawan hayaƙin sufurin sama (sufurin sama gaba ɗaya na fitar da kusan kashi 2.5 cikin ɗari na iskar carbon ta duniya), ba su shiga wannan lissafi ba tukuna.

Ga kuma namu yanayin. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, batirin lithium kuwa zafi na saurin tsufar da shi, iska mai zafi kuma na ƙara wa jirgi tsawon gudu kafin ya tashi. Aikin sai da sassafe. Lokacin hunturu hazo zai zaunar da shi, don lasisinsa na tashin rana ne, da ido.

Cajin ma abin dubawa ne. In da gurup mai shan gazuwal za a cika shi, an dai sauya wa hayaƙin wuri. Makarantar tuƙin da za ta saye shi sai ta haɗa da faifan sola da rumfa mai inuwa, ta kuma sa kuɗin canjin batir cikin lissafinta tun farko.