Shekara 3 ina karatun radiyo a Yamai, ga abin da na biya ga abin da na samu

Tun da na yi sutnans na gama karatun radiyo ƴan uwa ke ta kirana ta WhatsApp, wai wace lakkwal ce, ana samun aiki ko ba a samu, in sa ƙanena ko kar in sa shi. Na gaji da amsa ɗai ɗai shi ya sa na ce bari in zamna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Sunan lakkwal ɗin ba zan faɗa ba, ta kuɗi ce dai kuma nan Yamai take, wanda ya sani ya sani.

Da farko in na ce radiyo hoton ƙashi da na ƙirji nike nuhi, wanda ake yi a likita. Dole in faɗi haka don ranar da na gaya ma kakata can Tawa za ni karatun radiyo sai ta hau murna tana gaya ma maƙwabta jikanta zai riƙa magana a Voix du Sahel, har yau ba ta gama yarda ba.

Abin da ya kai ni, ina tarminal babana ya faɗi da moto ƙafa ta karye, anka kai shi wajen mai ɗori kamar yadda kowa ke yi, wata 3 yana kwance ya tashi ƙafa guda ta hi guda tsawo. Sai daga baya munka je anka yi mishi radiyo, mutumen da ya ɗauki hoton ya ɗaga shi ga haske na ga ƙashin ya hau bisa ɗan uwanshi ya haɗe a hakan. Ban zargi mai ɗori ba, da hannu yake lalube, amma na ce wanga abu da minti 5 ke nuna shi ya sa tsoho ɗingishi har ƙarshen rayuwa. Tun ranar abin ya zamna mini a rai.

Shiga ba wuya, wannan gaskiya ce kuma ita ce ta fara ba ni tsoro. Na zo da bak D, sunka ce in kawo dosiye, takardar haihuwa, nasiyonalite, kopin bak da rilebe duk an buga musu hatimi, kaziye wanda bai wuce wata 3 ba, takardar likita, hotuna, sai kuɗin rajista. Kaziye ɗin ne ya wahal da ni don can inda anka haife ka ake bada shi, sai da yayana ya aiko mini ta mota daga Tawa. An ce akwai gwaji, na kwana ina bitar fizik da SVT, ashe tambaya 3 ce a ofis, ta ukun ma wa zai biya maka. Lakkwal ɗin gwamnati da kwankur ake shiga, nan kam rasit ɗin banki shi ne kwankur. Illar haka a aji ta hito, akwai waɗanda sunka zo ba su taɓa son lissafi ba an ce musu dai aikin na da kuɗi, kahin ƙarshen shekara ta fari wasu sun koma infirmiye wasu sun koma gida, kuma ba a maida ko dala.

Tsarin LMD ne, lisans, shekara 3, samestir 6, kiredi 180. Shekara ta fari anatomi ce ke cin mutane, ƙashi 206 kowane da sunanshi da ƙullutunshi da raminshi, wuyan hannu kaɗai ƙanana 8 ne jere biyu. Malamin anatomi wallahi ba ni da abin cewa, lokotoro ne mai aiki a likita, in ya zo sai ka ji kamar kar ya hita. Matsalar in ya zo ɗin. Kusan duk malamanmu aro ne, suna da aikinsu, sai a ce kur ƙarhe 3 na rana ku zamna cikin zahi har la'asar sannan a ce an riƙe shi da marar lahiya, kai kuma ka riga ka biya kabu kabu daga Talaje. Sai ƙarshen samestir a tara muku awa 20 cikin kwana 4 a ce an gama.

Abin da ya hi ci mini rai, lakkwal ɗin ba ta da injin radiyo ko ɗaya, ko mataccen da za a buɗe muna mu ga cikinshi. Ranar da na je tambaya an nuna mini hoto ga bango na ɗauka nasu ne. Da alli anka zana muna kwalbar da ke hidda hasken a cikin injin, ga waya mai zahi tana sakin elektaron ga faifan tangistan suna bugu, anka ce kusan kashi 99 cikin 100 na wutar zahi take zama, kashi 1 kaɗai ke zama hasken X. Na hardace na rubuta a dabuwar na ci maki, amma ban gane ba sai da na je sitaj watan Afrilu kilim ta mutu injin ya ƙi aiki mutane na layi har bakin ƙofa. An koya muna kuma Bajamushen nan Röntgen ne ya gano hasken a 1895, hoton hannun matarshi da zobe ya zagaya duniya, aka ba shi Nobel a 1901, to mu sai bayan shekara guda cur munka taɓa maɓallin da hannunmu.

Sitaj shi ne karatun, duk wanda ya gaya maka wani abu daban bai yi ba. Ni Allah ya haɗa ni da wani tsohon majo, wato babban ma'aikatan ɗakin radiyo, da ya fara aiki tun lokacin ɗakin duhu da ruwan wanke fim, yanzu kaset ake sa ma na'ura hoto ya hito a ordinate amma shi har yau kilishe yake ce ma hoton, ranar farko da ya ce yaro kawo mini kilishe na tsaya ina tunanin ko na bakin kasuwa yake so. Shi ya koya mini abin da takarda ta kasa. kV shi ne ƙarhin ratsawa, mAs yawan hasken, hannu kV kaɗan kamar 50, ƙirji sama da 100, kuma ƙirji a tsaye ake ɗauka, mutum ya manna gabanshi ga allo kwalba na bayanshi nisan santimita 180 don kar zuciya ta hito ta hi girmanta. Ƙashi kuwa ba a ɗauka sau ɗaya, gaba da gefe, don karaya na iya ɓuya ta gaba ta hito ta gefe. Ya kan ce mini hoto guda rabin magana ne.

Sati na biyu na yi abin kunya, na sa alamar D ga ƙafar hagu. Bai yi mini faɗa gaban mutane ba, ya bari sai da munka rage mu biyu ya ce ɗana da lokotoro ya yarda da kai ya shiga da wuƙa wace ƙafa zai buɗe. Ban ci abincin rana ba ranar nan. Har yau kahin in danna sai na taɓa ƙafar da hannuna na ce dama ko hagu a baki.

Akwai abin da ba malamin da ya taɓa kawowa a aji kuma shi ne rabin aikin, magana da mutane. Tsoho ya zo daga ƙauye ka ce baba a cire riga a cire laya, ya ce layar nan tun yana saurayi ba ta bar jikinshi ba, kai kuma ka san in akwai ƙarfe ciki fari fat za ta hito bisa huhun. Sai lallashi, baba riƙe ta a hannu ka ɗaga sama ba ta bar jikinka ba ke nan. Mata kuma sarƙa, ƴan kunne, jigida, kitso mai duwatsu, rigar mama mai ƙarfe. Sannan baba ja numfashi, riƙe, kar ka saki, kuma nan Yamai in ba ka iya faɗin wannan da Zabarmanci ba rabin hotunanka za su hito da motsi, ni a takarda na rubuta na manna kusa da maɓalli.

Wanda ya hi duka nauyi tambayar ciki. Dole ka tambayi duk macen da ta isa haihuwa ko tana da ciki ko tana zato, don hasken na iya taɓa ɗan tayi musamman watannin farko. To ka duba, kai saurayi, ita amarya, uwar mijinta na tsaye, ko budurwa ce babanta ya kawo ta. In ka tambaya gabansu ko ta yi shiru ko a ce ba ka da kunya. Majo ya nuna mini dabara, ka ce inna ku ɗan jira waje hasken ba shi da kyau gare ku, wanda kuma gaskiya ne, in an rufe ƙofa ka juya kai kana gyara kaset ka ce ƙanwata yaushe rabonki da wanki. Sau biyu ina samun wadda ta ce wata 2 ba ta gani ba, muka maida ta wajen lokotoro ba a ɗauka ba. Wannan da a ce lakkwal ta ba shi ko awa 2 da ya hi wasu darussan da anka cika muna kai da su.

Yanzu maganar da kowa ke tambaya a ɓoye, wai aikin na hana haihuwa. Majo na da ɗiya 7. Abin da ke akwai shi ne hasken na taruwa a jiki in kana sakaci, kuma kariya uku ce, rage lokaci, ja da baya, shiga bayan dalma. In ka ninka nisa sau 2 abin da ke isowa gare ka ya koma kashi ɗaya cikin 4. Ƙa'idar duniya ma'aikaci kar ya wuce milisibat 20 (ma'aunin hasken da jiki ya sha) a shekara in an daidaita bisa shekara 5, hoton ƙirji guda wajen 0,1 ne ga shi marar lahiyar, sikana ta ciki kuwa, wato hoton da inji ke ɗauka yanka yanka, tana kai 8 zuwa 10, shi ya sa ba a yin ta don daɗi. Madarar da ake cewa a sha bayan aiki ba ta tare komi, sha don kana so. Abin da ke gaya maka gaskiya dozimetir ne, ɗan abin nan da ake maƙalawa ga buluz a kai a auna. Kawuna da ya yi aiki a mahaƙar uraniyom ta Arlit shi ya fara tambayata ina naka, su can ba mai shiga babu shi. Mu an karɓi kuɗinshi cikin kuɗin shekara ta biyu, sai tsakiyar ta uku anka kawo, guda ɗaya mu huɗu muna karɓa karɓa, wanda duk mai hankali ya san ba shi da amfani don ba a san na wa ya sha ba. Mun yi magana anka ce ana kan hanya. Daga baya na san akwai hukumar gwamnati ARSN da ke kula da harkar kariya daga hasken, da na san haka tun farko da bakina ya hi ƙarhi. A irjans kuma in ana son a riƙe yaro ɗan sitaj ake turawa, kar ka yarda, a ba uban ko wani ɗan uwa rigar dalma ya riƙe, shi sau ɗaya zai yi kai kullum ne.

Sikana sati 3 na yi ina kallo ta bayan gilashi, sau huɗu anka bar ni na kwantar da mutum. IRM kam leƙe ne kawai, na dai san ba hasken X ba ne maganaɗisu ne kuma ko makulli ba a shiga da shi. Amma a takardar talla duk an jera su kamar za ka hito gwani. Wanda ke son ɓangaren nan ko na gasa ciwon kansa da haske, tunda an buɗe cibiyar ciwon kansa nan Yamai a 2021, ya sa a ranshi sai ya ƙara koyo bayan lisans.

Kuma a sani kai ba lokotoro ba ne. Za a riƙe maka hannu a ce likita mi ka gani, kai kuma ka gani sarai, tabo ne a huhu ko ƙashi ya rabu, amma karatun hoton na lokotoro ne. Ni abin da nike cewa baba hoto ya yi kyau kai mishi yanzu yanzu kar ka biya gida.

In za ni ba lakkwal ɗin maki 6 ne bisa 10, 4 daga ciki na malamin anatomi ne da wasiƙar da sunka rubuta har na samu wurin sitaj. Wanda zai kai nashi ya ce a nuna mishi takardar izinin gwamnati ta wanga fanni kanshi, don wata lakkwal izinin infirmiye gare ta ta liƙa radiyo daga baya. Ya tambayi da wace likita sunka yi yarjejeniya, ɗalibi nawa ake turawa ɗaki guda, mu akwai lokacin da muke 11 bisa inji ɗaya. Ya tambayi dozimetir, kuma ƴan shekara ta uku zai tambaya a bakin ƙofa, ofis kam daɗin baki ne.

Aiki, yanzu ina gardi dare 3 a sati a wata kilinik, abin da ake ba ni na mai ne da abinci, na aje dosiyen sarbis sibik ina jira. Atastasiyon ɗina wata 4 ke nan, duk zuwa sai sakatare ta ce darakta ya yi tahiya.

Ƙanwata ta ci bak bana ta ce ita ma radiyo take so. Ban hana ta ba, na dai roƙi majo ya bar ta ta kwana gardi guda tare da mu kahin baba ya saida ko akuya. Daren asabar ne, ƴan moto 5 anka kawo, ɗaya ƙashin cinya a waje. Ta hita sau biyu ta sha iska ta dawo, da asuba na same ta tana tambayar majo mi ya sa ya ɗauki gwiwa alhali cinya ce ta karye. Ran litinin za mu je mu ga wata lakkwal da anka ce tana da injinta, na ce sai sun kunna shi gabana.