Sharhi kan ƙarfen facin ciyawa mai kusurwa shida

Aikina shi ne kula da ciyawar filin wasan golf, kuma babu wurin da yake hana ni barci kamar dandalin da ke kewaye da rami, inda ake aske ciyawa har ta koma kimanin milimita 3 domin ƙwallo ya gangara sumul. Wata huɗu da suka wuce tiyon man haidirolik na injin askinmu ya fashe ana tsakiyar aiki, man mai zafi ya tsiyaya a dogon layi, kuma kafin kwana biyu ciyawar wurin ta ƙone ƙurmus. Wannan ɓarna ce ta sa muka sayi ƙarfen da nake magana a kansa.

Ƙarfen yana da baki mai kaifi da kusurwa shida, da doguwar mariƙa, da mataki, da kuma zobe mai ƙayyade zurfi. Ana kafa shi a kan wurin da ya lalace, a taka, a ciro curin ƙasar, sannan a yanko lafiyayyen curi daga inda ake renon ciyawa a cusa a gurbin. Na fifita wannan a kan yafa iri, domin man da ya ratsa ƙasa yana hana iri tsirowa da kyau, alhali curi yana zuwa da ƙasarsa mai tsabta da saiwarsa a raye.

A da muna yin faci ne da ƙarfen haƙa ramin wasa, mai faɗin milimita 108, amma shi zagayayye ne, kuma duk yadda aka jera zagayayyun curi sai an bar 'yan giɓi a tsakaninsu, waɗanda ake cikewa da yashi, daga baya baƙuwar ciyawa ta samu mafaka a cikinsu. Curi mai kusurwa shida kuwa yana manne wa ɗan'uwansa kamar saƙar zuma. A nan ne ƙarfen ya burge ni ƙwarai, domin ciyawarmu nau'in Bamuda ce mai yaɗo, kuma da yake lokacin ɗumi ne, cikin mako uku mahaɗar ta ɗinke har sai na durƙusa kafin in gane layin.

Aibinsa yana wajen zoben nan. Bayan an taka sau da yawa yakan sassauta ya zame, zurfin ya canza ba tare da mutum ya ankara ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Curin da ya ɗara maƙwabtansa tsawo injin aski zai kankare shi har ƙasa, wanda ya nutse kuma zai tara ruwa ya karkatar da ƙwallo. Tun 2019 dokokin R&A da USGA, wato hukumomin da ke kula da wasan golf, sun yarje wa ɗan wasa ya gyara tsohon faci da mahaɗar ciyawa a kan dandali, amma ba na jin daɗin ganin ɗan wasa yana daddale abin da ni ne ya kamata in daidaita. Na ɓata curi da dama a makon farko kafin in saba da ƙara ɗaure zoben bayan kowane yanka goma.

Bakin yana dakushewa da wuri saboda yashin da ke ƙarƙashin dandali, don haka sai an riƙa wasa shi. Haka kuma busasshiyar ƙasa tana marmashewa a cikin ƙarfen, shi ya sa nake ban ruwa tun daren jajiberin aiki.

Ina ba da shawarar sayensa ga duk wanda yake da wurin reno mai nau'in ciyawa ɗaya da ta dandalinsa, wadda ake askewa daidai da ita, domin idan nau'in ya bambanta facin zai fito da wani launi dabam. Idan kuma ɓarnar ta kai faɗin tabarma, gara a yanko shimfiɗar ciyawa a ɗora, domin jera curi ɗaya bayan ɗaya zai cinye yini guda.