Allurar Rage Ƙiba ko Tiyatar Tumbi: Amsa ga Hajiya

Assalamu alaikum Hajiya. Na ga tambayarki, na kuma ga amsoshin da suka biyo baya, daga mai cewa ruwan ɗumi da lemon tsami da sassafe har zuwa mai turo lambar wata mai shayin rage tumbi. Ga waɗanda saƙon ya wuce su: Hajiya ta ce shekarunta 39, nauyinta kilo 138, tsawonta mita 1.63, shekara huɗu ke nan tana fama da ciwon suga, gwiwoyi sun hana ta sallah a tsaye, kuma likita ya ambata mata hanya biyu, allurar mako-mako ko aikin rage tumbi. Ta roƙi a jera mata su ta gani. Ni aikina harhaɗa magunguna ne, don haka abin da zan faɗa shiri ne na zaman da za ki yi da likitanki, shi zai yanke.

Mu fara da lissafi, don shi ke nuna girman abin da ke gabanki. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo, abin da ya fito shi ne BMI. Naki ya kama kusan 52. Daga 30 ake kiran mutum mai ƙiba, daga 40 kuma ƙiba ce mai tsanani. Tun 1991 likitocin Amurka suka amince a yi tiyata ga wanda ya kai 40, ko 35 in akwai ciwo irin suga, a 2022 ma aka ƙara sassauta ƙa'idar. Saboda haka likitanki bai yi azarɓaɓi ba.

Shayin nan ki bar shi. Mafi yawansu ganyen da ke sa gudawa ne da mai sa fitsari, ruwa suke fitarwa, kitsen yana nan. An sha kama wasu an cusa musu sinadarin sibutiramin, wanda aka janye daga kasuwa a 2010 saboda illarsa ga zuciya. Rage abinci da tafiya kuwa gaskiya ne, kuma ko wace hanya kika bi sai kin yi su. Amma su kaɗai ga mai kilo 138? An bi mutum fiye da 5,000 masu ciwon suga a Amurka, rabinsu aka ba su masu kula da abincinsu da motsa jikinsu: shekarar farko sun rage kashi 8.6 cikin ɗari na nauyinsu, zuwa shekara ta takwas abin da ya rage a hannu kashi 4.7 ne. Ba lalaci ba ne. Jiki ne ke ƙara yunwa ya rage ƙona abinci duk lokacin da ya ga kitse na tafiya. Duk wanda ya ce miki rashin haƙuri ne ya kai ki nan, bai taɓa kwana da irin wannan yunwar ba.

Allurar da tiyatar duka wannan yunwar suke taɓawa, kowace ta hanyarta. Akwai wani sinadari, GLP-1, da hanji ke saki bayan an ci abinci, ya gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya sa abinci ya daɗe a tumbi, ya taimaka wa insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini. Ozempic da Wegovy na kamfanin Novo Nordisk na Denmak kwaikwayonsa ne. Magani ɗaya ne a cikinsu, Ozempic aka yi wa rajista don suga a 2017, Wegovy don ƙiba a 2021 da awo mafi yawa. Mounjaro na kamfanin Eli Lilly ya haɗa wannan sinadarin da wani na biyu. Sau ɗaya a mako ake yi, a fatar ciki ko cinya, da wani abu mai kama da biro, ana farawa da ɗan kaɗan a riƙa ƙarawa duk mako huɗu. Tiyata kuwa iri biyu aka fi yi, duka ta 'yan ƙananan huji a ciki. A na farko ana yanke kusan kashi 80 na tumbi a cire shi gaba ɗaya, har da ɓangaren da ya fi samar da sinadarin yunwa. Na biyu shi ne baifas: a keɓe ɗan aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbi, a haɗa shi da hanji can ƙasa, abinci ya tsallake sauran.

To, kilo nawa? Nan ne masu talla ke yin shiru kan abu guda. Gwajin da ya fito a 2021 ya nuna masu yin allurar Wegovy sun rage kusan kashi 15 cikin mako 68, na Mounjaro da ya fito a 2022 ya kai kusan kashi 21 cikin mako 72. Sai dai waɗannan mutanen ba su da ciwon suga. Da aka gwada a kan masu suga irinki, na farko ya tsaya kusa da kashi 10, na biyu kusa da 15. A jikinki, kashi 10 kilo 14 ne, ki dawo 124. Kashi 15 kuma ki dawo 117, BMI ɗinki yana nan a 44, har yanzu cikin ƙiba mai tsanani. Tiyata takan cire kashi 25 zuwa 30, wato ki sauko wajen kilo 97 zuwa 103. Kada a raina kilo 14 fa, suga da hawan jini da gwiwa duk za su shaida. A wani bincike na Birtaniya da ya fito a 2017, cikin masu suga da suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 sugansu ya daidaita ba tare da magani ba a shekarar farko, kuma duk waɗanda ciwon bai wuce shekara shida a jikinsu ba ne. Ke kina shekara ta huɗu. Wannan ne ya sa nake ganin jinkiri ya fi kowace daga cikin hanyoyin biyu haɗari.

Abin da ya fi damuna a kwatancen nan ba shekarar farko ba ce, ta biyar ce da ta goma. Allura haya ce: muddin kina biya kina ciki, ranar da kika daina kin fito. Waɗanda aka dakatar musu da ita bayan gwajin 2021, cikin shekara guda kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo, suga da hawan jini suka biyo shi. Tiyata kuwa a Suwidin aka fi daɗewa ana bin sawunta, tun 1987, mutum wajen 4,000, rabi an yi musu aiki rabi ba a yi ba. Masu baifas sun rage kashi 32 a farko, bayan shekara goma suna riƙe da kashi 25. Wani abu ya dawo ke nan, amma mafi yawa bai dawo ba, kuma rahoton 2020 ya nuna sun fi takwarorinsu tsawon rai da kimanin shekara uku. Ita ma allurar tana da nata abin nunawa: a 2023 an tabbatar Wegovy ta rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 20 ga masu ƙiba da ke da ciwon zuciya. Tana aiki, sharaɗin dai a ci gaba da yi.

Ci gaban nan kuwa kuɗi ne. Lokacin da Wegovy ta fito a Amurka farashin wata ɗaya ya kusa dala 1,350. A nan ana shigo da ita ne, farashinta na bin dala, wani watan ma ki zo da kuɗinki a ce ta yanke. Ki tambayi kuɗin biro ɗaya a kantin magani mai rajista, ki ninka da wata sittin, ki ajiye kusa da kuɗin tiyata. Sau da yawa lissafin kan ba mutane mamaki. Shekarar 2026 ce wa'adin ƙarewar haƙƙin mallakar maganin da ke cikin Ozempic da Wegovy a ƙasashe irin su Indiya da Sin da Barazil, ana fatan shigowar wasu kamfanoni ta karya farashi, amma ba a gina lafiya a kan fata.

Sai batun ajiya, wanda takardar kamfani ba da mu ta yi lissafi ba. Biron da ba a buɗe ba firji yake so, tsakanin digiri 2 da 8, kuma in ya daskare ya lalace. Ozempic da aka fara amfani da ita tana iya kwana 56 a waje, matuƙar zafi bai wuce digiri 30 ba. Ki tuna ɗakinki a watan Afrilu da rana tsaka, an ɗauke wuta tun jiya. Na sha ganin mace ta zaro biron daga jakar hannu, ya wuni a mota, tana mitar ba ya mata aiki. Ga kuma jabu: a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Ozempic na bogi da aka gano a Barazil da Birtaniya da Amurka. In jabu ya shiga can, kada ki yarda da wanda wata ke sayarwa a WhatsApp tare da atamfa da turaren wuta.

Wahalar allura galibi ta ciki ce: tashin zuciya, amai, taurin bayan gida ko gudawa, musamman makon da aka ƙara awo, kuma tana raguwa. Ba safai ba, amma takan kumbura gaɓar da ke samar da insulin. In kina shan ƙwayar suga ta Daonil ko kina allurar insulin dole a rage su, kada suga ya faɗi warwas, kuma a duba bayan idonki kafin a fara. Kyawunta, in ba ta karɓe ki ba sai a daina, ba a yanke komai ba.

Tumbin da aka yanke ba a mayar da shi, baifas ma da wuya a warware shi. A hannun ƙwararru waɗanda ke rasa rai saboda aikin ba su wuce ɗaya zuwa uku cikin dubu ba, amma akwai yoyon ɗinki, zubar jini da daskarewar jini a ƙafa, kuma waɗannan cikin makonnin farko suke zuwa. Shi ya sa ba na son tsarin nan na a tashi zuwa Masar ko Turkiyya ko Indiya, a yi aiki, kwana biyar a hawo jirgi. Ƙwarewa akwai ta a can, amma in zazzaɓi da saurin bugawar zuciya suka tashe ki ƙarfe biyun dare a Kano, wa ya san abin da aka ɗinke a cikinki? Ana yin aikin a wasu asibitoci a Legas da Abuja. Ko ina kika zaɓa, ki fara samun likitan gida da ya yarda zai riƙe ki.

Rayuwar bayan aiki ita ce ba a cika faɗa ba. Makonnin farko ruwa-ruwa ne, romo da kunu marar suga, kurɓi-kurɓi. Daga baya faranti ya koma ɗan sosa: nama ko kifi ko ƙwai ko wake a fara da su, tuwo loma biyu uku in wuri ya rage. Ba a shan ruwa tare da abinci, sai bayan kamar rabin awa. Lemon kwalba an yi sallama. Mai baifas in ta sha fura da suga ko ta ci alkaki, cikin mintuna gumi zai keto mata, zuciya na dukan uku-uku, jiri, sai ban ɗaki. Ki hango kanki a gidan biki, uwar amarya ta dire miki shinkafa da kaza tana cewa ai ba kya ƙi abincinmu ba, dangi na gefe suna raɗa ko Hajiya ciwo take ɓoyewa. Wannan sai kin shirya masa, ki kuma jawo maigida cikin maganar tun yanzu. Bitamin B12 da maganin ƙarin jini da na ƙashi har ƙarshen rayuwa ne, da gwajin jini duk shekara, wanda ya yi wasa da su yakan gamu da ƙarancin jini da mutuwar jijiyoyin ƙafa. Gashi kan zube a watannin farko ya dawo, fata kan saki. Magungunan gwiwa da na tabbata suna jakarki, dikilofenak da ibufurofen, bayan baifas an hana su saboda gyambon ciki. In kina yawan ƙwannafi ki faɗa, domin yankan tumbi na iya ƙara shi, baifas kuwa rage shi yake yi. Tsakuwar matsarmama tana bin duk wata rama mai sauri, ta allura ko ta wuƙa, haka ma zubewar tsoka in ba a cin abinci mai gina jiki.

Ba ki faɗi ko kin gama haihuwa ba. Bayan tiyata ana jira wata 12 zuwa 18 kafin ɗaukar ciki, kuma da nauyi ya fara sauka haihuwa kan buɗe ba zato. Ozempic da Wegovy ana barinsu wata biyu kafin neman ciki, Mounjaro kuma na iya raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa. Azumi ma ki sa shi a lissafi: allura a yi ta da dare, amma wadda aka yi wa aiki ba da daɗewa ba likitoci kan hana ta azumin wannan shekarar, tunda ba ta iya shan ruwa da yawa a zama ɗaya.

Ra'ayina, tunda kin nema. Da BMI ɗinki 33 ne ko 35, allura zan ce. A 52, da suga, da gwiwar da ta zaunar da ke, na fi karkata ga tiyata, kuma saboda sugan ki tambayi likita ko baifas ya fi dacewa da ke. Ba dole ba ne a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya: likitoci da dama kan sa majinyaci ya yi allura na 'yan watanni kafin aiki, hanta ta rage kitse, suga ya kwanta, aikin ya zo da sauƙi. In kuwa ba za ki iya samun mai bibiyarki da gwajin shekara-shekara ba, to allura daga kanti mai rajista ta fi miki aminci, ko da kilon da za ta cire bai kai ba.

Kafin ki koma asibiti ki yi gwajin suga na wata uku, na ƙoda, na hanta da na yawan jini. Ki rubuta duk abin da kike sha, har na gargajiya, musamman in kin taɓa shan sha-ka-fashe ko kina yawan allurar ciwon gaɓoɓi, don su ma suna kawo ƙiba da suga. Ki tambayi maigida ko numfashinki na ɗaukewa in kina minshari, mai ba da maganin barcin tiyata zai so ya sani. Shi kuma likitan tiyatar ki tambaye shi kai tsaye irin wannan aikin nawa yake yi a shekara, da kuma lambar wa za ki kira in wani abu ya taso da dare. Allah ya ba ki lafiya, Hajiya.